Ɓerayen da Na Aika Unguwar Gawo

Assalamu alaikum, Uwata.

Ina maki fatan alheri, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kariyar Ubangiji. Ko a rubuce bakina bai iya kama sunanki, tunda sunan mahaifiyata kika ci, don haka Uwata kike a gida, Uwata kike a takarda. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki suna gaishe ki. Na cusa takardar ne ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa a jakarki, don na san duk inda kika sauka, nan hannunki zai fara zuwa. Allah ya sa kin sauka lafiya, ya tsare ki a sama, ya tsare ki a ƙasa.

Kin ce mani za ki yi digiri na biyu, za ki yi bincike kan matsalolin tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa. Na yi murna ƙwarai. Sai dai na ɗan yi mamaki, a ce mutum ya bar Batsari, inda matsalar take kwance a ƙofar gida tana shan hantsi, ya hau jirgi ya tafi ƙasar da babu ita don ya koyo ta. Ita kuma kalmar nan ta masu tasowa, tun ina firamare nake jin ta. Ƙullun waina ma in ya kwana yakan tashi. Mu har yau ana leƙa ƙwarya.

Abin da ba ki sani ba shi ne ni ma na taɓa yin bincike. Na ɓoye maki ne don ban yi shi da kyau ba. Yanzu da za ki shiga sana'ar, gara ki ji daga bakina.

Kina rarrafe a lokacin, ni kuma ina malamin gona a ƙaramar hukuma. Wata rana aka kira ni ofis, na tarar da wani dogon mutum mai tabarau, ya zo daga wata jami'a da kwali cike da takardun tambayoyi. Aka ce Dakta ne, zai zaga ƙauyukan Batsari da Safana ya gano abin da ke hana manoma ci gaba, ni zan zame mashi ɗan jagora tunda na san hanya kuma ina da babur. Mutumin kirki ne, ba ya raina abinci, ba ya raina mutane. Aibinsa ɗaya, duk abin da ka faɗa sai ya ce, "Me ya sa?" In ka ce an yi ruwa, me ya sa. In ka ce jakin wane ya mutu, me ya sa. Kafin mako ya zagayo, daga Batsari har Safana ba wanda ya san shi da wani suna sai Dakta Me-ya-sa.

Da ƙauyen Zakka muka fara. Ni kuwa ina so Dakta ya ga ina da jama'a, sai na riga shi zuwa da kwana ɗaya, na raɗa wa mai unguwa cewa baƙon nan daga sama yake, kuma duk wanda aka ga ba shi da komai, taimako na nan tafe. Washegari muka shiga garin da na san ko'ina dabbobi ne, muka tarar da turaku fayau, sai kashin awaki ɗanye yana tururi. Muka zauna a zauren wani dattijo da ni da kaina na taɓa yi wa tumakinsa allura. Dakta ya tambaye shi dabbobi nawa gare shi. Ya ce ko kaza. Bai rufe baki ba sai ga kukan akuya daga cikin ɗakin kwana. Dattijon bai ko ɗaga kai ba, ya ce iyali ne ke fama da mura. Dakta ya ce Allah ya sawwaƙe, har ya ciro ƙwayar magani daga aljihu ya bayar. Muna cikin haka mai murar ta ture ƙyaure ta fito, ta zo ta fizgi takardar tambayoyin daga cinyar Dakta ta hau ci.

Na ga na yi ɓarna, sai na ce bari in gyara. A ƙauye na gaba na ce masu ba haka ba ne, masu dabbobi za a taimaka wa don su ƙara. Ranar kuwa kowane gida muka shiga akwai sa a turke. Dakta yana ta murna yana rubutu. Sai a gida na shida ko na bakwai ya tsaya, ya gyara tabarau, ya tambaye ni me ya sa duk shanun garin nan ƙahon hagu ne ya karye masu. Sa ɗaya ne, Uwata. Ta bayan gida ake jan shi, yana riga mu isa. Har ya gane mu, in ya gan mu sai ya kaɗa wutsiya.

To, ki riƙe wannan. Mutanen nan ba maƙaryata ba ne. Ni na sa masu tsani, suka hau. Talaka ya daɗe yana ganin masu takarda, ya san bayan biro ko dai a ba shi ko a karɓe mashi, don haka yakan auna amsarsa kamar yadda mai awo ke auna tiya. In kin dawo yin tambayoyinki, ki gaya masu gaskiya tun daga zaure: ba ki kawo komai ba, ba za ki karɓi komai ba, sani kika zo nema. Rabinsu za su tashi su koma gona. Waɗanda suka rage, su ne malamanki.

Kuskurena na biyu a cikin gidanmu na yi shi. Dakta ya ce in cike takarda ɗaya a kan gidana, don in saba. Akwai wurin da aka ce a rubuta sana'ar matar gida. Ban ko yi tunani ba na rubuta babu. Ranar da ya zo cin abinci wurinmu, Innarki na tsakar gida tana tuyar ƙuli-ƙuli, ƙamshi ya cika unguwa, ga kwalaben man gyaɗa jere a bakin zaure ana zuwa ana ɗauka. Dakta ya dubi kwalabe, ya dubi takardata, ya ce, "Malam Lawal, me ya sa ka rubuta ba ta da sana'a?" Na ce ai wannan ba sana'a ba ce, ɗan abin mata ne na rage zaman banza. Muryata kuwa kin san ta, ko raɗa na yi ana ji a masallaci.

Innarki ta ci gaba da tuyarta. Ta sallami baƙo da fara'a, har da ƙullin ƙuli-ƙuli. Washegari ta kife kaskon tuya, ta jingine turmi. Da rana aka kawo mani tuwo da wata miya mai kama da ruwan wankin allo, ba mai, ba daddawa, ba ko ƙashin da ƙuda zai sauka a kai. Na tambaya lafiya. Ta ce, "Lafiya lau, Malam. Miyar albashi ce." Kwana tara ina shan miyar albashi. A ciki na gano sabulun da nake wanka da shi, da kananzir ɗin fitila, da takalman yayyenki, da goron da nake ba baƙi ina hura hanci, duk daga kaskon nan suke fitowa. A rana ta goma na ɗauki takardar na kai mata, na soke babu a gabanta, na tambaye ta me take so in rubuta. Ta ce in rubuta mai riƙon malamin gona.

Don haka in kin shiga gida, kada ki tsaya a zaure. Mu maza a zaure muke, kuma mun iya bayani, amma rabin abin da muke faɗa labari ne muka ji. Ke mace ce, za a bar ki ki shiga har ƙuryar ɗaki, inda Dakta bai taɓa takawa ba. Ki zauna a tabarma, ki karɓi abin da aka ba ki, ki taya su ɓarar gyaɗa. A nan za ki ji yadda gida ke kaiwa kaka idan rumbu ya yi ƙasa, da wace akuya ake fara sayarwa, da wanda ke cewa ya ƙoshi alhali bai ci ba. Ban san me littattafanku ke kiran wannan ba, amma shi ne tattalin.

Na uku shi ne wanda ya sa na ɗauki biro. Waɗancan biyun an yi dariya an wuce. Wannan kuwa har yau bai wuce ba.

Da damina ta yi nisa, aka kira Dakta ya koma jami'a. Ya bar mani takardun ƙauye ɗaya da ya rage, Unguwar Gawo, can bayan Wagini, ya ce in je in cike in aika mashi. Na ɗaure su a bayan babur na kama hanya. Na wuce Wagini lafiya, sai na iske rafin da ke tsakaninsu ya kawo, ja wur, yana tafe da itace. Ina hango rufin ɗakunan Unguwar Gawo a tsallake, har ina ganin mutane tsaye a bakin ruwa da buhuna, suna kallona ina kallonsu. Na jira har la'asar, na juyo. Bayan kwana uku na koma, haka. Na sake komawa, ruwan ya ma fi na da. Ga Dakta yana ta aiko da saƙo.

Ranar kasuwar Batsari na zauna a teburin mai shayi, na sa aka haɗa mani mai kauri, na ciro takardun. Na ce a raina, ai na san mutanen nan, gero suke nomawa da wake kamar kowa, me za su faɗa wanda ban sani ba? Na shiga ƙirƙiro mutane. Na ba wani mata biyu da jaki, na ba wani 'ya'ya takwas, wani na ji tausayinsa na ƙara mashi tunkiya. Ina canza biro don kada rubutun ya zama iri ɗaya. Har na fara jin daɗin abin, don ban taɓa ganin ƙauye mai saurin amsa tambaya irin wannan ba.

Tambayar ƙarshe ita ce: mece ce babbar matsalarka? A shekarar nan ɓeraye sun addabe ni. Sun huda rumbunmu, sun cinye mani takardar shaidar gama makaranta, ɗaya har ya haihu a cikin hular da nake zuwa Juma'a da ita. Da su na kwana, da su na tashi. Sai na rubuta wa mutum na farko ɓeraye. Na biyu ma ɓeraye. Da na ga abin ya yi yawa sai na riƙa sauyawa, wani in ce ɓera, wani in ce jaba, wani gafiya. Na haɗa na aika. Dakta ya aiko da godiya, ya ce wannan ƙauyen ya fi kowanne ba shi haske.

Shekara biyu shiru, har na manta. Kin fara zuwa makarantar allo sai aka kira ni ofis. Aka ce rahoton Dakta ya kai hannun wata ƙungiyar agaji, sun tausaya, sun aiko da taimako na musamman ga Unguwar Gawo, ni zan raka su tunda ni na san mutanen. Na fito na ga akori-kura shaƙe da kwalaye. Na buɗe ɗaya. Tarkon ɓera ne, sabbi fil, suna ƙyalli.

Da rani ne, rafin ya bushe, duk da haka motar ta kafe a yashi, sai da mutanen garin suka fito suka turo ta. Aka taru a gindin gawo, aka shimfiɗa tabarmi, mata suna leƙe ta kan danga. Mutane sun ga kwalaye sun ɗauka taki ne ko injin ban ruwa. Jami'in ƙungiyar ya miƙe ya yi jawabi da Turanci, ni ina fassarawa, cewa sun ji kukansu, sun san ɓeraye sun hana su barci, yau Allah ya kawo ƙarshen abin. Da bakina na faɗi wannan, Uwata. Aka buɗe kwali. Sai ga tarkuna.

Akwai wani tsoho, Baba Ɗan'azumi, shi ne babba a garin. Ya karɓi tarko ɗaya, ya juya shi, ya ɗana, ya sa kara ya taɓa, abin ya yi ƙarau. Ya ce madalla, an gode, abu ya yi kyau. Sannan ya tambaya cikin ladabi ko a cikin kwalayen akwai babba, wanda zai iya kama rafi. Jami'in ya ce in fassara. Na ce mashi tsohon yana godiya ne.

Da aka watse, Baba Ɗan'azumi ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya aika aka kawo mani fura. Ya ce sun gan ni a waccan shekarar, sau uku, tsaye a tsallake da babur da takardu. Ya ce a daminar nan rafin ya tafi da jakinsa da buhu biyu na wake, ba jakin ba waken. Ya ce in ruwa ya kawo, wakensu a gida yake ruɓewa ana neman shi a kasuwar Batsari, mai ciwo kuwa a kan ƙyaure ake ɗaukar shi, maza shida suna laluben ƙasa da ƙafa, kuma ba duka ake kaiwa ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malamin gona, abin da ya hana ka zuwa, ai shi za ka rubuta. Ka zo har bakin amsa ka tsaya, ka koma ka kawo muna ɓeraye."

Ban iya shan furar nan ba, kuma ban iya ajiye ta ba.

Tarkunan dai ba su yi asara ba. Garin ba su da ɓeraye sosai, don kowane gida da kyanwa, amma maƙerin garin ya kwance su ya yi ta yin sakatar ƙofa, har daga Wagini ake zuwa saye. Ni ma Baba Ɗan'azumi ya ba ni guda uku, ya ce ya lura kamar ni ne mai buƙata. Sun yi mani aiki ƙwarai. Kwalbati a kan rafin kuwa sai bayan shekaru aka yi shi, mutanen garin suka yi gayya, 'ya'yansu da ke birni suka kawo siminti. Duk ranar da ba aiki nakan je in ɗauki dutse. Kina tuna lokacin da nake dawowa da ciwon baya ina cewa babur ne? Ba babur ba ne. Baba Ɗan'azumi bai ga an gama ba, Allah ya jiƙansa.

Dakta ban taɓa gaya mashi ba. Na ji ya zama Farfesa. Sau biyu ina ɗaukar biro in rubuta mashi, sai in tuna zai ce me ya sa, ni kuma ba ni da amsar da ta wuce lalaci da son a yabe ni.

Ga abin da nake so ki ɗauka. Ranar da ba ki je ba, ki rubuta ba ki je ba. Abin da ba ki sani ba, ki bar gurbinsa fari. Farin gurbi bai taɓa cutar kowa ba, amma ƙaryar da aka rubuta da kyau tana da ƙafa, tana hawa jirgi, tana shiga ofis, ta dawo a akori-kura. Ku da kuke can za ku riƙa ganin mu a jere cikin layuka da lambobi, kuma na san dole ne, ba a iya ɗaukar ƙauye a kai shi aji. Amma duk lambar da kika gani, ki tambaya wa ya rubuto ta, a ina ya zauna, kuma ruwa ya kawo ranar ko bai kawo ba. Ba duka masu cike takarda ne irina ba, akwai masu tsoron Allah da suka tuɓe takalmi suka tsallaka. Ki koyi bambance su.

Yanzu kuma kin san halin da yankinmu yake ciki. Gonakin nesa sun gagari masu su, ƙauyuka da yawa sun dawo cikin gari suna zaune a gidajen 'yan'uwa. In kin dawo, wani zai ce maki bana bai yi noma ba. Kada ki yi saurin rubuta dalili. Ki tambaye shi a hankali, in ya sunkuyar da kai ki ƙyale shi, shirun ma ki rubuta shi. Inda mutanen wuri suka ce kada a shiga, kada ki shiga, babu digirin da ya kai ranki. Ki dai faɗa a takardarki cewa akwai mutanen da ba ki kai gare su ba, da abin da ya hana, don kada a ɗauka babu su.

Kada kuma ki dawo mana da Turancin da sai an yi maki tafinta a gidan ubanki. Tafinta mugun abu ne, ni shaida ne. Duk abin da kika gano, in ba za ki iya bayyana wa Innarki shi tana tuya ta gane ba, to ba ki gama gano shi ba. In malamanki na can sun faɗi abin da kika san ba haka yake a nan ba, ki gaya masu da ladabi. Sun fi ki karatu, amma ba su taɓa shan miyar albashi ba.

Saura roƙo ɗaya. An ce ɗakunan karatu na can ba abin da ba su ajiye. In wata rana kina bincike kika ci karo da takardar da ta ce ɓeraye ne suka hana wani ƙauye a bayan Wagini ci gaba, kada ki kafa hujja da ita. Ɓerayen gidanku ne, a rumbunmu aka haife su. Ki gyara, ki rubuta yadda aka yi, ki sa sunana cikakke, Lawal malamin gona na Batsari. In Farfesa yana raye ki nema mani gafararsa. In ya ce me ya sa sai yanzu, ki ce mashi sai yanzu na haifi wadda za ta iya gyarawa.

Ki riƙe salla a kan lokacinta ko da rana ta ƙi fitowa a can. Ki sa rigar sanyi, ki ci abinci, ki riƙa kiran Innarki ko ba ki da abin faɗa. Allah ya buɗa maki ƙirji, ya ba ki ilimi mai amfani, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin hanya da na baƙunta. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gonarsa. Yadda kika fita lafiya, Allah ya dawo mana da ke lafiya, muna raye ko muna kwance. Na yafe maki duniya da lahira, ke ma ki yafe mani.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Lawal
Batsari